Joplin: Garin Da Guguwa Ta Share, Da Yadda Mutanensa Suka Nemi Agaji



In aka ce wa Bahaushe guguwa, abin da zai faɗo masa a rai ita ce iskar nan ta bazara mai tashi da tsakar rana, tana juyi da ƙura da ledoji da karmami, yara na bin ta da gudu, tsofaffi na a'uziyya wai mutanen ɓoye ne ke wucewa. In ta yi ɓarna ƙwarai, to ta yaye jinkar rumbu ne ko ta kwashe shanyar wata baiwar Allah ta kai gidan maƙwabta. Wadda zan ba da tarihinta yau ita ma juyin take yi, sai dai daga cikin hadari take saukowa kamar mazurari, faɗin a sama tsinin a ƙasa, kuma duk abin da tsinin ya taɓa sai dai wani ba shi ba. Amurkawa suna kiran ta tonado.

Joplin gari ne a kudu maso yammacin jihar Misuri ta Amurka, dab da iyakar jihohin Kansas da Oklahoma. Haƙar dalma da tutiya ce ta kafa shi tun a ƙarni na 19, kuma a shekarar 2011 mutanensa kimanin dubu 50 ne, akasarinsu ma'aikatan asibiti da direbobin manyan motoci da leburorin masana'antu da masu jiran kanti. Gidajensu na katako ne, kuma saboda ƙasar wurin tana da dutse, fiye da kashi 80 cikin ɗari na gidajen ba su da ɗakin ƙarƙashin ƙasa, wanda shi ne mafakar da aka sani a yankunan da wannan iska ta saba sauka.

Ranar Lahadi ce, 22 ga Mayu, 2011. Da yammacin ranar aka yi bikin yaye ɗaliban babbar sakandaren garin a harabar jami'ar Missouri Southern, an tashi wajen ƙarfe biyar, iyaye da 'ya'ya sun kamo hanyar gida cikin farin ciki. Ƙarfe 5:11 jiniyar gari ta yi kuka. Ƙarfe 5:17 masu hasashen yanayi suka fitar da gargaɗi. To amma mutanen garin sun saba da kukan jiniya, ta sha yi ba a ga komai ba, don haka da yawa sai suka fito ƙofar gida suna duban sama, wasu suka kunna talabijin don su tabbatar. Ƙarfe 5:34 ta sauka a yammacin gari, lulluɓe da ruwan sama yadda ba a ko ganin ta sai dai a ji rugugi. Ta ratsa kudancin garin daga yamma zuwa gabas, faɗinta a wani wurin ya kai kilomita ɗaya da rabi, gudun iskarta ya haura kilomita 320 a awa. Minti 38 ta yi a ƙasa, ta yi tafiyar kilomita 35, sannan ta ɗaga.

Mutum 161 suka rasu ta dalilinta, sama da dubu suka ji rauni. Gidaje wajen dubu bakwai ta taɓa, kimanin dubu huɗu daga ciki ta rushe su sarai. An ƙiyasta asarar da dala biliyan 2.8. Tun 1947 Amurka ba ta ga guguwa ɗaya da ta ci rayuka haka ba.

Wannan ke nan game da ita kanta iskar. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da ya biyo baya. Mutum ya fito daga ƙarƙashin katako, ba gida, ba mota, ba waya, ba ko takalmi a ƙafarsa, bai ma gane layinsu ba domin babu bishiya ko allo ɗaya da ya rage tsaye. Ina zai nufa? Wa zai fara isowa gare shi, kuma a ƙarshe wa zai biya?

Waɗanda suka fara isowa dai maƙwabta ne. Mutanen da su ma jini ke zuba a jikinsu su suka riƙa ɗaga bango da hannu suna zaƙulo na ƙasa. Aka ciro ƙyamaren ɗakuna aka mai da su gadon ɗaukar majiyyaci, aka riƙa loda mutane a bayan a-kori-kura ana neman asibiti. Ana kukan targaɗe kuma sai ga karaya: ɗaya daga manyan asibitocin garin biyu, wato St. John's, yana kan hanyar guguwar. Ta farfasa tagoginsa, ta kashe wuta, ta lalata janaretan da ake taƙama da shi. Marasa lafiya biyar da ke kan na'urar taimakon numfashi suka cika, da wani mutum ɗaya da ya zo dubiya. Sauran majiyyatan, mutum 183 ne a ciki lokacin, ma'aikata suka sauko da su ta matattakala cikin duhu, wasu a kan katifa, cikin kimanin minti 90. Daga baya an tsinci takardu da hotunan ƙashi na wannan asibiti a nisan fiye da kilomita 100. Nauyi duk sai ya koma kan ɗaya asibitin, Freeman, da wani babban zauren taro na gari da aka mai da wurin duba masu rauni, sauran kuma aka yi ta jigilarsu zuwa garuruwan jihohi maƙwabta.

Wannan rarraba majiyyata, ga turakun waya sun faɗi, ita ta haifi tashin hankali na biyu. Uwa ba ta san ko ɗanta na asibitin wani gari ba ne ko yana ƙarƙashin gini. A kwanakin farko sunayen da aka kai na waɗanda ba a gani ba sun haura dubu. Gidajen rediyon garin suka ajiye shirye-shiryensu, dare da rana sai cigiya, kamar dai yadda ake yi a gidajen rediyonmu in yaro ya ɓata. Wasu suka buɗe shafuka a Facebook ana liƙa hotuna. Sai ranar 26 ga wata gwamnatin jiha, a ƙarƙashin Gwamna Jay Nixon, ta karɓi aikin ta fitar da jeri ɗaya tantatacce mai suna 232, aka sa jami'ai suna bin kowane suna har sai an ji muryar mai shi ko an ga gawarsa. Ranar 1 ga Yuni jerin ya ƙare.

Maganar gawa kuwa, Allah Sarki. Mu da muka saba in mutum ya cika da safe kafin azahar an kai shi makwancinsa, da wuya mu iya jure abin da waɗannan mutane suka jure. An tara gawawwakin a wani wuri na wucin gadi, aka hana dangi shiga. Dalili shi ne tun a farko wasu sun nuna gawa sun ce tasu ce, daga baya aka gano ba ita ba ce, saboda yadda iskar ta sauya kamannin mutane. Daga nan hukuma ta ce ba za a sake ba da gawa ba sai an tabbatar ta hanyar zanen yatsa ko haƙori ko gwajin ƙwayar halitta. Wasu iyalan sun yi fiye da mako suna jira, suna zagin hukuma a gaban 'yan jarida. Ni dai ban ga laifinsu ba, ban kuma ga na hukumar ba.

Kashegarin guguwar ma sama ba ta bar su sun huta ba. Aka wuni ana ruwa da tsawa a kan masu tonon, har aradu ta faɗa wa wani ɗan sanda da ya zo taimako daga wani gari, ya rasu bayan 'yan kwanaki. Bayan nan kuma likitoci suka fara ganin wata irin cuta dangin funfuna tana cin naman waɗanda itace da ƙasa suka shiga raunukansu. An tabbatar da ita a jikin mutum 13, biyar daga cikinsu suka rasu.

Yanzu bari mu zo kan masu agaji na waje. Ƙungiyar Red Cross ta buɗe masauki a harabar jami'ar nan da aka yi bikin yaye ɗalibai. Tun kafin asubar Litinin matasan AmeriCorps, wani shiri na gwamnatin tarayya mai kama da bautar ƙasa sai dai shi na ganin dama ne, suka iso daga birnin St. Louis. Coci-coci suka kafa tukwane. Kafin mako ya zagayo, mutane na ta kwararowa daga kowace kusurwa ta Amurka da zarto da shebur da safar hannu, kowa na cewa a nuna masa inda zai kama. Mai karatu zai ce ai wannan alheri ne tsantsa. Alheri ne, amma taron da ba shi da jagora shi ma wata masifar ce, ya tare hanyar motar asibiti, ya cinye abincin da aka dafa don waɗanda abin ya shafa. Haka ma kaya. An yi ta aiko da gwanjo tirela-tirela har aka rasa wurin zubawa, hukumomi suka koma roƙon jama'a su aiko da kuɗi maimakon tsumma.

A nan ne mutanen Joplin suka yi wata dabara wadda a ganina ita ce ƙashin bayan tarihin nan duka. Duk ɗan sa kai da ya zo, sai ya biya ta teburin AmeriCorps an rubuta sunansa, an rubuta inda aka tura shi, da awa nawa ya yi. Me ya sa? Dokar agajin bala'i ta Amurka, wadda ake kira dokar Stafford ta 1988, ta tanadi cewa in shugaban ƙasa ya ayyana bala'i, gwamnatin tarayya za ta ɗauki aƙalla kashi 75 cikin ɗari na kuɗin kwashe baraguzai da gyaran kayan gwamnati, ragowar kuma jiha da ƙaramar hukuma su biya. To amma an yarda a lissafa aikin 'yan sa kai da kayan da aka bayar kyauta a matsayin wani ɓangare na kason gari, matuƙar akwai shaida a rubuce. Cikin shekara biyu an rubuta 'yan sa kai sama da 170,000 da suka yi aikin awa fiye da miliyan ɗaya, kuma wannan rubutu ya sauke wa garin nauyin sama da dala miliyan 17. Da ba a rubuta ba, gumin yana nan, ladan yana nan, amma ko sisi ba za a rage musu ba. Kwashe baraguzan gidaje kuwa, tarayya ta ce za ta biya kashi 90 in an gama kafin 7 ga Agusta, injiniyoyin soja suka jagoranci aikin, kuma aka cim ma wa'adin.

Takarda dai, takarda dai. Shi ma mutum ɗaya da ya rasa gidansa, hanyar da zai bi ke nan. Hukumar agajin gaggawa ta tarayya, FEMA, wadda Shugaba Jimmy Carter ya kafa a 1979, ba ta ba kowa ko kwabo sai shugaban ƙasa ya ayyana yankinsa. Joplin ta yi sa'a ta wannan fuskar, domin tun farkon watan Mayu an riga an ayyana bala'i a Misuri saboda ambaliya da iska, don haka kashegari kawai aka ƙara gundumomin Jasper da Newton a cikin waccan takarda. Shugaba Barack Obama da kansa ya zo ranar 29 ga Mayu ya zaga kufan ya halarci taron addu'a.

Ga yadda abin yake tafiya a lokacin. Za ka yi rajista ta waya ko ta intanet ko ka je cibiyar da aka buɗe. Za a tambaye ka lambarka ta ɗan ƙasa, da adireshin gidan da ya rushe, da abin da kake samu a shekara, da ko kana da inshora. A ba ka lamba. Bayan kwanaki a turo mai duba ɓarna, ka same shi a kangon, ka nuna masa shaidar cewa gidan naka ne ko kuwa a ciki kake haya. Ka tuna fa, mai karatu, ana neman takardar gida ne a wurin mutumin da iska ta kai takardunsa wata gunduma. Sai wasiƙa ta zo. Da yawa in suka ga an rubuta ba su cancanta ba sai su yaga ta su haƙura, alhali sau tari abin da ake nufi shi ne akwai takardar da ba ta cika ba, ko ana jiran a ga abin da kamfanin inshora zai biya, domin doka ta hana a biya mutum sau biyu kan asara ɗaya. Kana da kwana 60 ka ɗaukaka ƙara. Wanda ya san haka ya koma ya samu, wanda bai sani ba ya tafi yana cewa gwamnati ta hana shi.

Akwai wani tarkon kuma. Wasu in sun yi rajista sai a aiko musu da fom na neman rance daga hukumar tallafa wa ƙananan 'yan kasuwa. Mutum ya ce ni da ba ɗan kasuwa ba, kuma ni da na rasa komai, me zan yi da bashi? Sai ya jefar. Ashe ita wannan hukuma ita ke ba masu gidaje rance mai sauƙin ruwa bayan bala'i, har dala 200,000 don gini da 40,000 don kayan ɗaki a wancan lokaci, kuma sai ta duba ta ce ba za ka iya biya ba sannan FEMA za ta ba ka wasu nau'o'in tallafin kyauta, irin na kayan ɗaki da mota. Wato sai ka nemi bashin da ba ka so, an hana ka, sannan ka samu kyautar da kake so. An daɗe ana kuka da wannan tsari, sai a 2024 aka soke sharaɗin. Tun a 2021 kuma aka faɗaɗa irin takardun da ake karɓa a matsayin shaidar mallaka ko zama a gida. Mutanen Joplin dai da tsohon tsarin suka sha.

To nawa ne ma kyautar? Iyakar abin da FEMA za ta ba iyali ɗaya a 2011 bai wuce dala dubu 30 da 'yan kai ba, kuma ƙalilan ne ke samun cikakken. Wannan ba ya gina gida a Amurka, an yi shi ne don kuɗin haya na ɗan lokaci da ƙananan gyare-gyare da magani da jana'iza. Mutum sama da dubu goma suka yi rajista a gundumomin biyu, abin da aka raba musu kyauta ya ɗan haura dala miliyan 20, rancen kuma wajen miliyan 40. Kamfanonin inshora fa? Sun biya kimanin dala biliyan biyu, biyan da ba a taɓa yin irinsa ba a tarihin jihar. Ka ɗora miliyan 20 kusa da biliyan biyu, ka ga wanda ya gina Joplin. Mu nan in an ambaci Amurka sai mu ɗauka gwamnati ce ke bin mutane gida-gida da makullin sabon gida. Ina! Wanda ya yi shekaru yana zuba kuɗin inshora shi ya fara kafa katako, wani ma kafin kaka ya tare. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Saura su wa? Saura 'yan haya, da tsofaffin da suka gama biyan bashin gida suka daina inshora don kuɗin fansho ba ya isa, da waɗanda inshorarsu ba ta kai kuɗin sabon gini ba. Unguwannin da guguwar ta bi da yawansu na tsofaffin ƙananan gidaje ne masu arahar haya. Mai gida ya karɓi kuɗinsa, in ya ga dama ya sake gini ya tsauwala haya, in bai ga dama ba ya bar fili. Ɗan haya kuwa ba shi da ta cewa. Dubban gidaje sun ɓace a yini ɗaya, don haka ɗan abin da ya rage ya yi tsada. Waɗannan su FEMA ta zuba a gidajen wucin gadi masu kama da kwantena, akasari a filayen da ke kusa da filin jirgin saman garin. Iyali 586 suka zauna a irin waɗannan gidaje, kuma sai a 2013 na ƙarshensu suka fita.

Masu fitar da su kuwa yawanci ƙungiyoyi ne. Coci-coci da ƙungiyoyin jinƙai suka haɗa kwamiti ɗaya, kowane iyali aka ba shi jami'i guda mai riƙe da fayil ɗinsa, ya san abin da FEMA ta ba su, da abin da inshora ta biya, da giɓin da ya rage, sannan ya kai maganarsu gaban kwamiti a ga wa zai ba da katako, wa zai ba da ma'aikata. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ƙungiyar Habitat for Humanity ta gina gidaje goma cikin 'yan makonni a ƙarshen 2011, ta kuma ci gaba da gini shekaru bayan nan. Wani shirin talabijin ma ya zo a watan Oktoba ya gina gidaje bakwai cikin kwana bakwai. An yi ta tafi, kuma iyalai bakwai sun ji daɗi, amma bakwai cikin dubu huɗu mai karatu ya yi lissafi da kansa.

Wani abin da zai ba Bahaushe mamaki: har dabbobi an yi wa sansani. Karnuka da kyanwoyi sama da dubu aka tattara ana ciyarwa ana cigiyar masu su, waɗanda ba a zo nema ba aka yi taron kwana biyu a watan Yuni mutane suka zo daga jihohi da dama suka ɗauki fiye da 700. Wanda ya fi taɓa zuciyata shi ne na hotuna. Wata coci a garin Carthage, maƙwabcin Joplin, ta sa aka riƙa kawo mata duk hoton da aka tsinta a gona ko a kan shinge. Aka tara sama da 35,000, mata suka zauna suna gogewa ɗaya bayan ɗaya, suna ba kowane lamba, suna neman masu su. Hoton aure, hoton jariri, hoton mahaifiyar da ta rasu. Babu fom ɗin gwamnati da ke da gurbin wannan asara.

Makaranta kuma labarinta daban ne. Babbar sakandare ta rushe tare da wasu makarantun. Shugaban makarantun garin, C.J. Huff, kwana biyu bayan guguwar ya tashi ya ce za a koma karatu ranar 17 ga Agusta kamar yadda aka tsara tun farko. Mutane suka ɗauka zafin kai ne. Shi kuwa lissafinsa shi ne, in ba makaranta iyaye za su kwashe 'ya'yansu su bar garin, in kuwa suka tafi ba za su dawo ba. Aka karɓi wani babban kanti da ba kowa a ciki a rukunin kantunan Northpark, aka yanyanka shi azuzuwa, 'yan aji biyu na ƙarshe suka koma can, kuma ranar 17 ga Agustan aka buɗe. Littattafan karatu sun tafi da iska, sai ga taimako daga inda ba a zata ba: Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, ta hannun jakadanta a Washinton, Yusuf Al Otaiba, ta ba da gudunmawar da ta kai dala miliyan ɗaya don a saya wa ɗaliban sakandaren, su wajen 2,200, kwamfutar tafi-da-gidanka kowa da tasa. Daga baya ta ƙara miliyan biyar don sashen jarirai na sabon asibiti. Sabuwar sakandaren an buɗe ta a watan Satumba na 2014.

Masu asibitin St. John's, wato ƙungiyar Mercy, su ma sun yi abin a yaba. Cikin mako ɗaya suka kafa asibitin tanti, suka kuma yi wa ma'aikatansu sama da dubu biyu alkawarin ba za a tsayar da albashin kowa ba. Dalilinsu ɗaya da na Huff, likita ko nas in ta bar gari ta tafi ke nan. Sabon asibitin ya fara aiki a watan Maris na 2015.

Kada a ɗauka komai ya tafi sumul. Tun gawawwaki ba su gama fitowa ba aka fara jayayya a majalisar dokokin tarayya, inda jagoran masu rinjaye na majalisar wakilai, Eric Cantor, ya ce duk ƙarin kuɗin agaji sai an zabge kwatankwacinsa daga wani wuri a kasafi. A ƙarshen Agustan 2011 kuma, da guguwar teku mai suna Irene ta afka wa gabashin ƙasar, asusun FEMA ya yi ƙasa, aka dakatar da sabbin ayyukan gini na dogon zango na ɗan lokaci, har da na Joplin. Manyan kuɗin sake gina gari, dala miliyan 158 daga ma'aikatar gidaje ta tarayya, kashi biyu suka zo, miliyan 45 a 2012 da miliyan 113 a 2013, kuma an ɗauki shekaru ana kashe su saboda ƙa'idojin da ke ɗaure da su.

Inda kuɗi suka taru kuwa, ƙuda ba ya rasa zuwa. An gurfanar da mutane da dama da suka yi ƙaryar cewa a garin suke zaune don su karɓi tallafi, ga 'yan kwangilar bogi masu karɓar kafin alƙalami su gudu. Babbar kunyar ita ce ta 2012, lokacin da majalisar gari ta ɗauki wani kamfani daga jihar Tekzas, Wallace Bajjali, a matsayin jagoran sake gina garin. Suka zo da zane-zane masu ƙyalli na ayyukan da suka ce za su kai dala miliyan 800. A watan Janairun 2015 aka wayi gari shugabannin kamfanin sun ajiye aiki, ofishinsu na Joplin ba kowa, ba su gina ko ɗaki ɗaya ba, bayan gari ya kashe sama da dala miliyan ɗaya a kansu. Mai binciken kuɗi ta jiha ta fitar da rahoto a shekarar ta caccaki yadda aka ba su aikin. Garin da ya iya rubuta awar kowane mai riƙe da shebur, shi ne aka yi wa sakiyar da ba ruwa da zanen takarda.

A wancan lokaci akwai Musulmi a Joplin, iyalai kimanin 50, da yawansu likitoci ne a asibitocin nan biyu. Masallacinsu yana gefen gari, guguwar ba ta taɓa shi ba, don haka suka buɗe ƙofarsa ga 'yan sa kai da suka zo daga nesa, Musulmi da Kirista. Bayan shekara ɗaya da 'yan watanni, ranar 4 ga Yulin 2012, wani ya jefa wuta a rufin masallacin, aka kashe ta. Ranar 6 ga Agusta, cikin watan Ramadan, kafin asuba, ya dawo. Wannan karon masallacin ya ƙone ƙurmus.

Masu ba da agaji jiya sai ga su yau su ne masu nema, kuma tasu ba bala'in da shugaban ƙasa zai ayyana ba ne, ba FEMA ba rance. Cikin kwana biyu cocin St. Philip ta gayyace su buɗa-baki a zaurenta, mabiya wasu coci-coci da Yahudawan garin suka zo aka zauna tare. Wata ɗaliba a kwalejin Kirista ta garin ta shirya gangami a wani dandali, ɗaruruwan mutane suka fito. Aka buɗe asusun neman gudunmawa a intanet da burin tara dala 250,000, aka tara sama da 400,000, daga Musulmi da waɗanda ba Musulmi ba. An kama mutumin a 2013 yana ƙoƙarin ƙona wani wurin daban, ya amsa laifinsa a gaban kotun tarayya, a 2016 aka yanke masa ɗaurin wata 63. Sabon masallacin kuwa tun a 2014 aka fara salla a cikinsa, wannan karon a cikin gari.